Rajista da Inshorar Jiragen Sama Marasa Matuƙi Waɗanda A Ke Sana'a da Su

Gabatarwa

Nufin wannan takarda shi ne a bayyana dalilin da ya sa hukumomi su ke tilasta wa masu sana'a da jirage marasa matuƙi su yi musu rajista, da kuma yadda a ke shirya biyan diyya idan jiragen sun yi ɓarna. Abin da mu ke nufi da jirgi maras matuƙi shi ne ƙaramin jirgin sama wanda ba kowa a cikinsa, ana sarrafa shi daga ƙasa ta hanyar rediyo, ko kuwa a tsara masa hanya tun kafin ya tashi, ya bi ta da kansa. Sunan yana da ɗan ruɗi, gama matuƙi yana nan, sai dai a ƙasa ya ke tsaye, kuma shi shari'a za ta nema ran da abu ya ɓaci.

Dā can galibi sojoji da masu wasa da ƙananan jirage ne suka san irin wannan na'ura. A cikin watan Janairu na 2013 wani kamfani na ƙasar Sin mai suna DJI ya fito da jirgi mai farfela huɗu, Phantom, wanda mutum zai saya a kanti ya tashe shi ran nan ba tare da ya koyi ƙira ba. Daga nan sai sana'o'i suka buɗe: ɗaukar hoton biki da na sinima, aikin safiyo da zanen taswira, duba wayoyin lantarki da bututun mai, feshin magani a gona, har da kai jini asibiti. Ko wace sana'a daga cikin waɗannan tana ɗora wani abu mai nauyi bisa kawunan mutanen da ba su san da shi ba, ba su kuwa yarda da haɗarinsa ba. Tambayoyi biyu su ke tasowa ran da ya faɗo. Ta fari, na wane ne? Ta biyu, wa zai biya? Rajista ita ke amsa ta fari, inshora kuwa ta biyu.

1. Asalin Rajistar Jiragen Sama

Rajistar jirgin sama tsohon abu ne. A cikin watan Disamba na 1944 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a birnin Shikago ta Amurka bisa zirga-zirgar jiragen farar hula, wadda ta haifi Hukumar Jiragen Sama ta Duniya mai mazauni a Montiriyal ta Kanada. Yarjejeniyar ta ce ko wane jirgi ɗan ƙasar da aka yi masa rajista ne, kuma lalle ya ɗauki alamar ƙasar a jikinsa. Shi ya sa za a ga lambar jiragen Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U, ta Gana da 9G, ta Ingila da G, ta Amurka da N. Abin sha'awa shi ne, tun a wancan zamani sashe na 8 na yarjejeniyar ya ambaci jirgin da ke iya tashi ba matuƙi, ya hana shi ratsa sararin wata ƙasa sai da izninta na musamman.

Amma wannan tsari an yi shi ne domin jirage ƙalilan masu tsada, waɗanda ke tashi daga filaye sanannu, ko wanne da injiniyoyinsa da littafin aikinsa. Da jirgi ya koma abin da a ke sakawa cikin jaka, a saye shi dubu-dubu, sai ya zama dole a nemi wata hanya mai sauƙi, wadda mutum zai iya bi cikin 'yan mintoci ta intanet.

2. Abubuwan da Suka Sa Aka Tsananta

Hukumomi ba safai su kan motsa ba sai abu ya faru. A cikin Janairu na 2015 wani ƙaramin jirgi ya faɗa harabar fadar shugaban Amurka. A watan Afrilu na shekarar aka tsinci wani bisa rufin ofishin Firayim Ministan Japan. A watan Yuni kuma wani ya bugi gini a birnin Siyatul, ya faɗo kan wata mata da ke kallon biki a titi, ta suma. Mai jirgin, wanda sana'arsa ɗaukar hoto daga sama ce, an yanke masa ɗaurin kwana 30 a 2017.

Akwai abubuwa biyu da suka auku cikin 2017 waɗanda in an jera su za a ga amfanin lamba a fili. A watan Satumba wani jirgi ƙirar Phantom ya yi karo da jirgin soja mai saukar ungulu kusa da Niyu Yok, ya ɓata masa farfela. Mai shi yana tsaye nesa da wurin kimanin mil biyu da rabi, bai ma san abin da ya auku ba. Masu bincike suka sami guntun injin ƙaramin jirgin maƙale a jikin babban, suka karanta lambar masana'anta, suka bi ta har suka kai ga mutumin. A watan Oktoba wani ya bugi jirgin fasinja mai mutum 8 yana shirin sauka a Kwibek ta Kanada. Jirgin ya sauka lafiya, amma ba a sami guntun kome ba, ba a kuwa gano mai shi ba.

Mafi girman su duka shi ne abin da ya sami filin jirgin sama na Gatwik a Ingila daga 19 zuwa 21 ga Disamba 2018. Rahotannin ganin jirgi maras matuƙi kusa da hanyar tashi suka sa aka rufe filin, abin ya shafi tashi da saukar jirage wajen 1,000 da fasinjoji wajen 140,000. Ba a gurfanar da kowa ba. Asarar ta tsaya kan kamfanonin jirage da matafiya, domin ba wanda za a ɗora wa.

3. Tsarin Amurka: Rajistar Jirgi

Hukumar Jiragen Sama ta Tarayyar Amurka ta buɗe rajista ran 21 ga Disamba 2015 domin jiragen da nauyinsu ya wuce giram 250 amma bai kai kilo 25 ba. Kuɗin rajista dala 5 ne, tana kuwa aiki shekara 3.

Ya kamata a tsaya kaɗan kan wannan adadi na giram 250, gama ƙasashe da yawa sun ara shi. Kwamitin da aka naɗa a 2015 ya yi lissafi ne kamar haka. Abu mai wannan nauyi in ya faɗo daga sama, iska tana tare shi har gudunsa ya tsaya wajen mita 25 a daƙiƙa, watau kilomita 90 a sa'a. Ƙarfin bugunsa a wannan gudu ya yi daidai da na dutse mai kilo 8 wanda aka saki daga tsawon mita ɗaya. Kwamitin ya ɗauki wannan a matsayin iyakar da daga gare ta bugu a ka zai iya kisa. Mai karatu zai lura lissafin bai kula da kaifin farfela ba, bai kuwa kula da abin da zai faru in jirgin ya shiga injin babban jirgi ba. Shi ya sa ba duk ƙasashe suka tsaya a nan ba. Japan ta sa iyakarta a giram 100 sa'ad da ta tilasta rajista a watan Yuni na 2022.

Dokar masu sana'a, wadda a ke kira Sashe na 107, ta fara aiki ran 29 ga Agusta 2016. Ta ce matuƙi ya kai shekara 16, ya ci jarrabawa bisa dokokin sararin sama da yanayi, kada ya tashi sama da ƙafa 400 daga ƙasa, kada ya wuce mil 100 a sa'a, kuma jirgin ya kasance inda ido ke ganinsa, sai fa in an ba shi izni na musamman. Mai wasa lamba ɗaya ta ishe shi ga jiragensa duka, amma mai sana'a sai ya yi wa ko wane jirgi rajista dabam, kome ƙanƙantarsa. In an yi haɗarin da ya ji wa mutum mummunan rauni, ko ya sumar da shi, ko ya ɓata dukiyar wani ta fiye da dala 500, lalle a sanar da hukuma cikin kwana 10.

Da fari an yarda a ɓoye lambar cikin ramin batir. A watan Fabrairu na 2019 aka ce sai a rubuta ta a waje, domin jami'an tsaro sun ji tsoron buɗe jirgin da ba su san abin da aka ɗana a cikinsa ba. Duk da haka lamba a jiki ba ta da amfani sai jirgin ya zo hannu. Saboda haka aka kafa dokar shaida daga nesa, wadda ta hau kan matuƙa daga 16 ga Satumba 2023: jirgi yana tafiya yana watsa lambarsa ta rediyo, da inda ya ke, da tsawon da ya kai, da inda a ke sarrafa shi, yadda wanda ke ƙasa zai iya karɓa da na'ura. Wannan ita ce ta yi daidai da lambar mota wadda ɗan sanda ke karantawa motar tana gudu.

4. Tsarin Turai: Rajistar Mai Jirgi

Tarayyar Turai ta bi wata hanya dabam cikin dokarta mai lamba 947 ta 2019, wadda ta fara aiki ran 31 ga Disamba 2020. A nan mutum ko kamfanin da ke aiki da jirgi shi a ke yi wa rajista, a ba shi lamba ɗaya ya manna wa jiragensa duka, kuma lambar tana aiki a ƙasashen Tarayyar baki ɗaya. Rajista tana wajaba in jirgi ya kai giram 250, ko kuwa in yana da kyamara, ko da bai kai ba, muddin ba abin wasan yara ba ne. Da haka dokar ta nuna cewa leƙen gidan mutum ɓarna ce, ko da jirgin bai taɓa shi ba.

Har wa yau dokar ba ta tambaya ko don kuɗi a ke tashi ko don nishaɗi. Abin da ta duba shi ne girman haɗari, ta kasa aiki gida uku. Gida na fari shi ne na aikin da haɗarinsa kaɗan ne: jirgi ƙasa da kilo 25, tsawo bai wuce mita 120 ba, ido yana ganinsa, ba a kuwa bi ta kan taron jama'a. Wannan ba ya bukatar izni. Gida na biyu shi ne na wanda ya ƙetare ɗaya daga cikin iyakokin nan, sai ya rubuta bayanin haɗarin da ke cikin aikinsa da dabarun rage shi, hukuma ta duba. Gida na uku shi ne na aikin da ya yi kama da na manyan jirage, kamar ɗaukar mutane, inda a ke bukatar shaidar ingancin jirgin kansa da lasin matuƙi. Hujjar Turawa a nan mai ƙarfi ce: wanda jirgi ya faɗo wa a ka, zafin ɗaya ne ko an biya matuƙin lada ko ba a biya shi ba.

5. Wanda Lamuni Ke Kansa

Kafin a yi maganar inshora sai a san wanda shari'a ta ɗora wa biya. A yawancin ƙararrakin ɓarna, mai ƙara shi zai tabbatar da cewa wanda ya ke ƙara ya yi sakaci. A sha'anin jirgin sama an sauƙaƙa masa wannan nauyi a ƙasashe da dama. Yarjejeniyar Roma ta 1952 ta ce wanda aka yi wa ɓarna a ƙasa ya isa ya nuna cewa jirgi mai tafiya ne ya yi ta, ko wani abu da ya faɗo daga gare shi. Amurka da Ingila ba su shiga yarjejeniyar ba, amma Ingila tana da irin wannan hukunci a sashe na 76 na dokarta ta jiragen farar hula ta 1982, haka kuma Jamus a tata dokar. Dalili a bayyane ya ke: mutumin da ke tafiya a titi ba shi da hanyar sanin ko batir ne ya mutu, ko rediyo ya katse, ko hannun matuƙi ya kuskure. Waɗanda suka karanta fiƙihun Malikiyya za su tuna da makamancin wannan a cikin Risala, inda aka ɗora lamunin abin da dabba ta taka bisa mahayinta, da mai janta, da mai kora ta. Wanda ragama ke hannunsa shi ke ɗaukar abin da ta jawo.

Sai dai hukunci a takarda ba ya warkar da rauni. Mai ɗaukar hoton biki wanda jarinsa duka bai wuce jirgin nan da kyamararsa ba, in ya makantar da yaro ko ya tayar da gobara a rumbun kaya, ko an sayar da duk abin da ya mallaka ba zai biya ba. A nan ne inshora ke shigowa.

6. Inshora da Ire-irenta

Ma'anar inshora ita ce mutane da yawa masu haɗari iri ɗaya su tara kuɗi kaɗan-kaɗan domin a biya wa 'yan ƙalilan da abin ya faɗa wa. Mu ƙaddara, don misali kawai, masu jirage 1,000 ne, ko wace shekara 5 daga cikinsu su kan yi ɓarnar dala 20,000 ko wanne. Jimla dala 100,000 ke nan. In kowa ya ba da dala 100, da ɗan ƙari domin ladan masu riƙon asusu, an rufe asarar, ba kuwa wanda ya karye.

Inshorar da ta fi muhimmanci ita ce ta haƙƙin wasu, watau wadda ke biyan mutumin waje da aka ji wa rauni ko aka ɓata wa dukiya. Bayan ta akwai ta jikin jirgi in ya karye ko an sace shi, da ta kayan da ya ɗauka, gama sau da yawa kyamara ko na'urar safiyo ta kan fi jirgin tsada. Wasu kamfanoni su kan ƙara ta ƙarar keta sirri, da ta kuskuren aiki, kamar a zana taswira ba daidai ba a yi gini bisa gare ta.

Dokar Tarayyar Turai mai lamba 785 ta 2004 ta sa mafi ƙarancin inshorar haƙƙin wasu ga jirgin da bai kai kilo 500 ba ya zama 750,000 na ma'aunin kuɗi na Asusun Lamuni na Duniya, wanda ya yi kusa da dala miliyan ɗaya. Ingila ta riƙe wannan doka bayan fitarta daga Tarayyar, tana kuwa tilasta ta ga duk mai tashi don sana'a, kome ƙanƙantar jirginsa. Jamus ta tilasta inshora ga kowa, har mai wasa. Amurka kuwa dokar tarayya ba ta tilasta ba. Abin da ke tilasta wa mai sana'a a can shi ne kasuwa, domin kamfanonin gini da na sinima ba su kan ba da aiki ba sai sun ga takardar inshora.

Akwai tarko uku da mai sana'a ya kamata ya sani. Na fari, inshorar shago ko ta gida galibi ta kan cire duk abin da ya shafi jirgin sama, saboda haka mutum ya kan zaci yana da kariya alhali ba shi da ita. Na biyu, takardar inshora ta kan gindaya sharaɗin bin doka: wanda ya tashi ba rajista, ko ya shiga sararin da aka hana, kamfani yana iya ƙin biya. Ta nan ne rajista da inshora suka zama igiya ɗaya. Na uku, a kan bar wa mai jirgi wani kaso na farko na asarar ya biya daga aljihunsa, domin kada ya yi sakaci don ya san wani ke biya.

Wahalar kamfanonin inshora ita ce ƙarancin tarihi. Mota an shekara fiye da ɗari ana ƙidayar haɗarinta, wannan na'ura kuwa jiya-jiya ta zo, kuma ƙirarta tana sakewa ko wace shekara. Abin da ke taimakonsu shi ne jirgin yana ajiye labarin tafiyarsa da kansa, tsawo da gudu da halin batir, har a kan iya sayar da inshora ta sa'a guda ta wayar hannu, a yanke kuɗinta bisa wurin da za a tashi.

7. Halin da A Ke Ciki a Nijeriya

Wannan magana ta iso ƙasarmu ta hanyoyi biyu. Ta fari ita ce sana'a. Kamfanin Zipline, wanda ya fara kai jini asibitocin Ruwanda da irin waɗannan jirage a watan Oktoba na 2016, ya buɗe a Gana a watan Afrilu na 2019, sa'an nan a Jihar Kaduna a 2022. Jiragensa suna tafiya inda ido ba ya ganinsu, su saki kaya da 'yar lema, watau irin aikin da ba ya yiwuwa sai da izni na musamman. Ta biyu ita ce tsaro. A watan Mayu na 2016 Hukumar Kula da Jiragen Farar Hula ta Nijeriya ta sanar da cewa ba wanda zai tashi jirgi maras matuƙi sai da izninta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Ba wanda zai yi mamakin wannan a ƙasar da ke fama da masu tayar da ƙayar baya.

Amma akwai darasi cikin abin da ya gabata. Amurka ta sa rajista dala 5 ne kawai, amfanin littafin rajista kuwa ya dogara ga yawan waɗanda suka shiga cikinsa. In hanya ta yi tsawo ko ta yi tsada, babban kamfani zai bi ta, ƙaramin mai ɗaukar hoton biki kuwa zai ci gaba da tashi a ɓoye, ba lamba ba inshora, kuma shi ne ya fi kusa da kawunan jama'a. Tilasta inshorar haƙƙin wasu ba baƙon abu ba ne a nan, gama dokar 1945 ta ɗora ta kan masu motoci. Wanda kuwa zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba saboda addini, akwai tsarin takaful, wanda aka fara kamfaninsa na farko a Sudan a 1979, Hukumar Inshora ta Nijeriya kuma ta fitar da ƙa'idodinsa a 2013.

8. Abin da Ya Rage

Saura giɓi ɗaya wanda rajista da inshora duka ba su toshe ba, shi ne mutumin da jirgi maras lamba ya ji wa rauni, mai shi ya gudu. A sha'anin mota Ingila ta kafa asusu a 1946 wanda kamfanonin inshora ke zuba wa kuɗi, a biya waɗanda direba maras inshora ya buge, daga baya aka haɗa da waɗanda ba a gano direban da ya buge su ba. A ganinmu irin wannan asusu ya cancanci a yi nazarinsa domin jirage marasa matuƙi, a ɗebi wani ɗan kaso daga kuɗin rajista a zuba a ciki. Malaman da ke koyar da safiyo da aikin gona da aikin jarida a kwalejojinmu za su taimaka ƙwarai in sun sa waɗannan dokoki cikin darussansu, domin ɗalibansu su ne za su riƙe na'urar a hannu, kuma sunansu ne za a nema a littafin rajista.